Mu haɗa kuɗi mu haƙa bohol, ko in ci gaba da sayen ruwan 'yan garuwa?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen, don sai kun ji yadda muke zaune za ku gane abin da ya hana ni barci.

Shekara huɗu ke nan da muka baro gidan haya a Fagge muka tare a namu, can bayan Rimin Kebe, a ƙaramar hukumar Ungogo. Filin awon igiya ne, maigidana ya saya a hannun magadan wata gona. Ranar da muka tare har sujjada na yi, na ce mun rabu da sallamar mai gidan haya. Ashe wata hayar na shiga, wadda ake biya kullum da safe.

Babu famfo a unguwarmu. Ba lalacewa ya yi ba, bututun ne ba a taɓa jawowa ba. Muna da rijiya a tsakar gida, gaba tara. Da damina takan cika har ki leƙa ki ga fuskarki, sai dai ruwan zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da shi, in kuwa aka dafa shayi yara ba sa sha. Daga Fabrairu take fara ja da baya, kafin Afrilu sai taɓo guga ke kwasowa.

Mu takwas ne a gidan: ni, maigida, yara biyar, da ƙanwarsa da take karatu a wajenmu. Jarka shida nake saya kullum, mai cin lita 25, kowace ɗaya naira 150 tun da zafi ya shigo. Naira 900 ke nan a rana, 27,000 a wata. Ranar Asabar ta wanki ce, ina ƙara jarka goma, wata 6,000 ɗin ke nan a wata. Jimla 33,000. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ba zan faɗi albashina ba don kunya, amma in na cire kuɗin ruwa abin da ya rage bai kai na cefanen sati biyu ba. Lokacin da muka zo unguwar naira 30 ake ba da jarka.

Kuma ba almubazzaranci muke yi ba. Ruwan da na wanke shinkafa shi nake fara jiƙa kwanuka da shi. Ruwan ɗaurayar kwanuka ya tafi banɗaki. Ƙananan biyu a bokiti ɗaya nake musu wanka, suna tsaye a cikin baho, abin da ya taru a bahon in yayyafa a tsakar gida saboda ƙura. Buta kuwa rabi nake zuba wa kowa, har babban ɗana ya fara yi mini tsiya wai alwalar gidanmu ta mudu ce ta sunna.

Mai kawo mana ruwa wani dattijo ne ɗan ci-rani daga wajen Tawa. Ƙarar kurarsa na sani tun daga bakin lungu, taya ɗaya tana kuka. In bakwai ta yi ban ji kukan nan ba, to na san ranar yara za su tafi makaranta da shafa ruwa a fuska kawai. Makon jiya kwana biyu bai zo ba, ni da Hanifa muka ɗauki bokiti bayan isha'i muka tafi layin bohol na wani gidan burodi, ba mu dawo ba sai sha ɗaya saura.

Ga inda nake neman shawara. Gida goma sha biyu na layinmu sun zauna, an ce a haɗa kuɗi a haƙa bohol da sola da tanki. Mai haƙa ya ce naira miliyan 2.4 gaba ɗaya, kowane gida 200,000. Ni a lissafina kuɗin ruwan wata shida ne, kuma ɗaukar adashina wata mai zuwa ne. Wani Alhaji a layin ya ce a yi a ƙofar gidansa, ya ba da wurin. Maigidana ya ƙi sakin jiki, wai abin haɗaka ba ya ƙarewa lafiya, kuma wai an yi alkawarin jawo famfo. Ni kuma wani abu ya tsaya mini a rai: ramin sokawe na gidan Alhajin yana nan dab da wurin da ya nuna.

Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, don Allah ku faɗa mini gaskiya. In zuba adashina ko in riƙe?


Abban Sadik:

Wa alaikis salam. Batun "za a jawo famfo" dai ki ce wa maigida jiran gawon shanu ne. Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, take da matatar ruwa a Chalawa. Audu Bako ya gina dam ɗin Tiga a 1974. Zamanin Malam Shekarau aka yi sabuwar matatar Tamburawa mai lita miliyan 150 a rana, ga ta Watari a wajen Bagwai. Duk da haka akwai unguwanni a cikin ganuwa, a gindin tankunan Goron Dutse ma, da famfonsu ya zama abin rataya tsumma. To wanda yake da bututu a ƙofar gida bai samu ba, ina ga ku da ko taswirar unguwarku babu a ofis? Garin ya fi ƙarfin bututunsa, ga rashin wutar da za ta tura ruwan. Ki zuba kuɗinki kawai.


Injiniya Mai Bohol:

Hajiya, sana'ata ce wannan, shekara sha huɗu ina bin injin haƙa. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne babban abin dubawa, ba kuɗin ba.

Bari in fara da ƙasar. Kano a kan dutse take zaune. In muka kafa inji, da farko jar ƙasa da marmara za mu ratsa, sai mu shiga ruɓaɓɓen dutse mai kama da tsakin masara, sannan mu tarar da dutse mai rai. Ruwanmu a wuri biyu yake: cikin ruɓaɓɓen nan, da cikin tsagar da ke jikin dutse mai rai. Ba kamar wajen Haɗeja ba ne da ƙasar yashi ce, inda ka soka ka samu. A nan sai ka haƙa a ƙofar gidan wani ka sami ruwa kamar kogi, ka matsa taku talatin ka yi mita 70 ƙura kawai ke tashi. Saboda haka ba Alhaji ne zai nuna wuri ba, na'ura ce. Ku biya masu awon ƙasa su zo su shimfiɗa wayoyinsu su gwada wuri biyu ko uku a layin. Kuɗin bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da asarar busasshen rami. Duk mai haƙar da ya yanka muku farashi bai yi maganar awo ba, ku yi hattara da shi.

Na biyu, sokawe. Ƙa'idar da muka sani mita 30 ce tsakanin rijiyar sha da masai ko sokawe. Ni na san a awon igiya wannan ƙa'idar kusan tatsuniya ce. Fili ƙafa 40 ne ko 50, kowa ya haƙa masai a kusurwar gidansa, kusurwarka kuma ita ce jikin rijiyar maƙwabcinka. Wannan zartsin da kike ji a rijiyarku, wani daga ƙasa ne, wani kuwa Allah kaɗai ya san daga ina yake tsatsowa. Abin da ke ceton bohol shi ne yadda aka rufe samansa. Bayan an zura kesin, wato bututun da ake sa wa ramin, an zuba tsakuwa, dole a cika mitocin sama da siminti zalla, ya toshe tsakanin kesin da bangon rami, don kada ruwan sama-sama ya bi jikin bututu ya gangara. Nan ne ake ha'inci, domin ba a gani. Sai a tura ƙasar da aka tono a mayar, a yi ɗan dakali a kai, a karɓi kuɗi. Ranar da za a yi wannan aikin ku sa mutum biyu su tsaya, su ƙirga buhun simintin da idonsu.

Ku kuma sa a rubuta muku: mita nawa za a haƙa, wane irin kesin, wane irin sumo (injin da ake zurawa cikin ramin ya turo ruwa), faifan sola nawa, kuma in ba a sami ruwa ba wa zai ɗauki asarar. Kada ku biya duka a tashi ɗaya. In an gama a bar sumo ya yi ta ja na wasu awanni a gabanku, ku ga ko ruwan zai ɗauke. Gida goma sha biyu ba wasa ba ne, ramin da zai ishi gida ɗaya ba lallai ya ishe ku ba.


Hajiya Ta Dorayi:

'Yar'uwa, maigidanki bai yi ƙarya ba, ni ganau ce. Mu gida tara muka yi namu a ƙofar gidan wani bawan Allah mutumin kirki, wallahi har ya koma ga Allah ba mu taɓa jin ko tari daga bakinsa ba. Shekara biyu muna shan ruwa. Da ya rasu aka zo rabon gado, gidan ya faɗa hannun 'ya'yan da ba a unguwar suke ba, suka sayar. Wanda ya saya ya ja katanga ta haɗiye bohol da tanki, ya fito da kan famfo biyu waje, ya sa yaro da kujera yana karɓar kuɗi. Muka je wajen mai unguwa, tambaya ɗaya ya yi mana: ina takarda? Muka kalli juna. Yanzu ruwan da na zuba kuɗin ɗan kunnena na gwal aka haƙa, shi nake saya.

Tun kafin wannan ma mun sha rigima a kan gyara. Sumo ya ƙone sau ɗaya, sai da muka yi wata guda babu ruwa, saboda gida uku sun ce su sun riga sun biya nasu tun farko. Ranar haƙa kowa yana da kuɗi, ranar gyara ce ake gane halin maƙwabci.

In za ku yi, Alhajin ya yanke wurin ya fitar da shi daga gidansa, ya yi waƙafinsa a rubuce, mai unguwa da liman su sa hannu, manyan 'ya'yansa ma su sa. Ba sabon abu ba ne a addini, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. In da gaske don Allah ya bayar, ba zai ji haushin takarda ba. In ya fara cewa "haba, ba ku yarda da ni ba ne?" to kin sami amsarki. Sannan ku buɗe asusun gyara tun ranar farko, ko 1,000 ce kowane gida a wata, kuma mace ta riƙe. Na faɗa, maza su yi haƙuri.


Ɗan Gwarzo:

Ni na tura kura shekara shida a Kurna da Rijiyar Lemo kafin Allah ya ba ni ɗan sahu. Ina karanta maganar Maman Hanifa ta naira 150 kowace jarka na ce bari in sa baki, don mutane suna ganin kamar mu ne muke cin kuɗin.

Kurar ba tamu ba ce, haya muke biya kullum, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Jarkoki sha biyu ne a kai, lita 300, nauyin buhun siminti shida ke nan ban da ƙarfen kurar. A bakin bohol ka biya mai wuri kuɗin cika. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk masu janareto suka ninka kuɗin, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai layi ya ƙaru a sauran. Ka fito tun asuba ka tarar da kura ashirin a gabanka. Da zafi ruwan yana zuwa kamar fitsarin jariri, kura ɗaya sai ta ci minti arba'in. In ka yi sahu biyar a rana ka yi ƙoƙari. Sannan lungunan awon igiya, ga yashi ga kwata a tsakiyar hanya, wani lungun kura ba ta juyawa sai ka sauke ka ɗauka a hannu bibbiyu. Har yau in sanyi ya shigo bayana yana tuna mini.

Dattijon nan da bai zo kwana biyu ba, ki tambaye shi, ko ciwo ne ko taya ce ta fashe babu kuɗin faci. Kuma in kun haƙa kada ku kore shi. Ku bar shi ya riƙa cika kurarsa a wajenku da rana lokacin da sola take da ƙarfi tanki yana ambaliya, ya kai wa na bayan layi. Abin da zai biya shi ne kuɗin gyaran da Hajiya Ta Dorayi take magana.


Issufu Damagaram:

Gaisuwa daga Zinder. Mu nan ƙishirwa gadonmu ce. Garinmu ma bisa dutse yake, har cikin dalilan da ake faɗi na maida babban birni Yamai a 1926 akwai rashin ruwa. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya da Arunguza, daga baya aka ƙaro Ganaram. Lokacin zafi akwai unguwannin da sai tsakar dare famfo ke kawowa, mata su kwana zaune gaban bido, wato jarka.

Abin da na ga ya ɗan taimaka wajenmu shi ne famfon unguwa. Inda ba a iya kai wa kowane gida, sai a kai bututu guda bakin hanya, a sa na'urar awo, a damƙa ma mutum ɗaya yana saida ma jama'a da bido, shi kuma yana biyan kamfani ƙarshen wata. Ya fi na ga-ruwa sauƙi nesa ba kusa ba. Ban sani ba ko ana haka a Kano. In babban bututu bai yi muku nisa ba, ku nemi wannan a ƙungiyance, ya fi a ce a shiga da shi lungu-lungu.


Abban Sadik:

Malam Issufu, da muna da irinsa, famfon kan titi. Ni na yi wayo na tarar da shi a unguwarmu. Yanzu sai dai dakalin, yara suna wasan langa a kai.


Anti Nas:

Maman Hanifa, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a gefen gari, kuma lissafinki na bi. Lita 150 ga mutum takwas bai kai lita 19 ba kowane ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya lita 20 take ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi mutum sha da girki da ɗan tsafta, wanka sosai da wanki ba sa ciki. To kin ga a bakin gaɓa kuke, kuma a irin haka wanke hannu ne yake fara tafiya.

A 2021 da aka yi annobar amai da gudawa, fiye da mutum 100,000 aka lissafa sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani tare da Bauchi da Jigawa. Mu da muka karɓi marasa lafiya mun ga daga inda suke fitowa: unguwannin da rijiya da masai suke maƙwabtaka, da farkon damina in ruwa ya kwaso komai ya zuba.

Ko kun haƙa ko ba ku haƙa ba, ki ware jarka ɗaya ta sha kawai. Ki leƙa cikin jarkokin mai kawo miki da fitilar waya, in kin ga kore-kore a gindi kin san labari. Ki sa sinadarin kulorin na ruwan sha, irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, yadda aka rubuta a jiki, ki bar shi minti 30 kafin a sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, mutane suna ruɗuwa da wannan. Randa kuma in kowa zai tsoma moɗa da hannunsa, to aikin banza aka yi. Ki samo bokiti mai murfi da kan famfo.

Ruwan bohol ma kada ku ce don ya fito garau shi ke nan. Ku kai a gwada a ɗakin gwaji kafin yara su fara sha, ku sake gwadawa in damina ta zauna, musamman da wannan sokawen.


Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maigida duka jiya da daddare. Da aka zo kan na Hajiya Ta Dorayi sai da ya ce in maimaita, yana ta "kin ji ko, kin ji ko". Da aka zo kan na Abban Sadik kuma ya yi shiru.

Yau da safe na ari tef ɗin awo a wajen telan layinmu, na sa Hanifa ta riƙe baki ɗaya kamar muna wasa. Daga murfin sokawen Alhaji zuwa inda aka kafa turke mita 11 ne. Maigida ya kai maganar wajen zaman maza bayan magariba, da ita da ta takarda. Alhaji bai yi faɗa ba, amma ya ce shi ba zai yanki gidansa ba, amfanin wurin ya bayar ba wurin ba. To mun gode masa da ya faɗa tun yanzu.

Liman ya ce akwai ɗan fili a gabas da masallaci, wanda mai gonar ya bari tun asali, kuma banɗakin masallacin yana can yamma. Ban auna ba tukuna, da ido dai ya fi na Alhaji nisa. Matsalar ita ce ya yi wa 'yan ƙarshen layi nisa, gida uku sun ce in can ne su sun fita. Mun koma tara, kowane gida kusan 267,000, ban da kuɗin awon ƙasa. Adashina 220,000 ne. Maigida ya ce in na'ura ta nuna ruwa a wajen masallacin zai cika sauran, in ba ta nuna ba kada in ƙara tayar masa da zancen.

Ɗan Gwarzo, na tambayi dattijon. Ƙafarsa ce ta kumbura, ƙusa ya taka a bakin kwata. Na ba shi maganar cika kura a wajenmu, ya yi dariya ya ce a fara samun ruwan.

Injiniya, tambaya ɗaya ta rage. Masu awon nan, a wannan watan na Afrilu ya fi kyau su zo ko mu bari ruwa ya sauka? Wani a zaman ya ce in aka samu ruwa da rani to an samu na gaske, wani ya ce na'urar ba ta karantawa daidai in ƙasa ta bushe ƙamas. Ranar Juma'a za a sake zama, ina so maigida ya je da amsa.